Bindiga a ƙofar makaranta, amma wa zai kira ɗauki idan babu sabis?

A daren 11 ga Disambar 2020 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Akwai 'yan sanda a wurin, sun yi musayar wuta da maharan, ɗaya daga cikinsu ya ji rauni, kuma wannan ne ya ba wasu ɗalibai damar tsallake katanga. Duk da haka an kora yara zuwa daji, sai ranar 17 ga watan aka sako 344.

Ƙanƙara daban, Kankiya daban, ko da yake baƙi kan rikita su. Kankiya na kan titin Kano zuwa Katsina, Kusada na gefenta, kuma ba su sha wuyar da Batsari ko Safana suka sha ba. Amma Dutsin-Ma ba nisa, kuma a can aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar tarayya a Oktoban 2023. Shi ya sa mahaifin da ɗansa ke makarantar kwana yake da damar tambaya: a girke masu bindiga a makarantar ko a'a?

Amurka ta daɗe tana wannan muhawara, duk da cewa matsalarta harbi ce, ba satar ɗalibai ba. A Uvalde ta jihar Texas, ranar 24 ga Mayun 2022, an kashe yara 19 da malamai biyu. Jami'an tsaro 376 suka hallara, amma sai da aka shafe minti 77 kafin a shiga ajin da maharin yake. Bindiga ba ta yi ƙaranci ba a ranar. Tsari da sadarwa ne suka rushe.

Sai kuma makarantar Apalachee a jihar Georgia, a Satumban 2024. Malamai na rataye da katin shaida mai maɓalli na kamfanin Centegix. Da suka danna, saƙo ya isa ga jami'ai tare da inda abin ke faruwa, kuma jami'an da ke cikin makarantar suka kama maharin cikin 'yan mintoci. An rasa mutum huɗu. Masu goyon bayan bindiga na kafa hujja da wannan, suna mantawa da maɓallin.

A nan gida lissafin ya fi tsauri. Ɗan sanda biyu ko uku ba za su tare gungun mutane a kan babura ba. Iyakarsu su ja lokaci. Lokacin kuwa ba shi da amfani sai an sanar da wanda zai kawo ɗauki. Akwai lambar gaggawa ta 112, akwai cibiyar tsaron makarantu da aka buɗe a 2023 ƙarƙashin hukumar Sibil Difens, ga kuma rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. Kafin ka same su sai wayarka na da sabis da caji. Kada a manta, a Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar don a toshe 'yan bindiga, kuma mutanen gari ma suka rasa hanyar neman agaji.

Kyamarar tsaro ita ce abin da masu kwangila suka fi so, amma ba lantarki, ba wanda ke kallon allon da ƙarfe biyun dare, hoton zai yi amfani ne kawai bayan an gama ɓarna. Jiniya mai aiki da sola da rediyon oba-oba sun fi ta araha, kuma ba ruwansu da data. Saƙon tes yakan fita ko da sanda ɗaya ta 2G, inda WhatsApp zai tsaya yana juyawa.

Tsofaffin ɗalibai na iya gwada abu ɗaya a wannan makon: su zaga ɗakunan kwana da dare da layin MTN, Airtel da Glo, su rubuta inda kowanne ke kamawa, su miƙa wa shugaban makaranta da kwamitin iyaye. Sannan su tambayi maigadi ko yana da lambar DPO a wayarsa, da kuma ko akwai kati a ciki.