Biya Kashi-Kashi Ko Taflisi: Zaɓin Da Ke Gaban Wanda Bashi Ya Yi Wa Katutu A Ƙasar Mawashi

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba hanyoyin da ke gaban mutumin da bashi ya fi ƙarfinsa, sa'an nan mu nuna abin da ya kamata a auna kafin a bi ɗaya daga cikinsu. Mun ɗauki Mawashi, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Kusada, da ƙauyukan da ke tsakaninta da Kankiya, a matsayin wurin misali, domin akasarin jama'ar wurin manoma ne, da 'yan tireda, da ƙananan ma'aikata, watau irin mutanen da bashinsu na kansu ne, babu wani kamfani da za su fake bayansa. Hanyoyin kuwa biyu ne. Ta farko ita ce a daidaita da masu bin bashi a kan a riƙa biya kashi-kashi. Ta biyu ita ce taflisi, watau alƙali ya tabbatar da karayar mutum, ya hana shi taɓa dukiyarsa, ya raba ta ga masu binsa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ba za mu ɓata lokaci wajen zargin wanda ya ci ba.

Yadda bashin yake a ƙauye

Bashin mutumin karkara ba kasafai yake zama a hannu ɗaya ba. Za a tarar ana binsa kuɗin taki, mai shago yana binsa na cefane, ya kwashi adashi bai gama zubi ba, wani ɗan'uwa kuma ya ranta masa kuɗin asibiti ko na aurar da 'ya. Wannan ba sabon abu ba ne. Polly Hill, a littafinta na 1972 a kan Batagarawa, ta yi bayanin yadda talakan manomi kan ci bashin hatsi da damina, wanda ake kira falle, ya biya ninki da kaka, da yadda gonaki kan fita daga hannun masu su ta hanyar jingina da sayarwa. Michael Watts ya sake tarar da irin wannan a ƙasar Kaita, kamar yadda ya nuna a littafinsa na 1983.

Abin da ya ƙaru a zamaninmu shi ne bashin hukuma da na banki. A Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, inda aka riƙa ba manoma iri da taki da magani a kan su biya bayan girbi. Biyan ya yi wuya a wurare da dama, kuma a ƙarshen 2023 Babban Bankin Nijeriya ya dakatar da karɓar sababbin buƙatu na irin wannan rance. Amma dakatar da shiri bai yafe wa kowa abin da ya riga ya ci ba. Bugu da ƙari, tun daga 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin ya ba bankuna damar bin lambar BVN ta wanda ya ƙi biya, su cire kuɗinsu daga ajiyarsa ta wani bankin dabam. Ke nan tsohuwar dabarar nan ta sauya banki a yi shiru ta daina aiki.

Biya kashi-kashi da sharaɗinsa

Wannan hanya ita ce kowa ya fi so, domin tana rufa asiri, kuma gona da bisashe suna nan a hannun mai su. To amma ba kowa take yi wa amfani ba. Ma'auninta ɗaya ne: bayan an cire abin da gida zai ci, shin rarar da ta saura ta fi abin da bashin ke haifa a cikin wannan lokaci?

Bari mu yi misali da buhu, tun da shi ne kuɗin manomi. A ce mutum yana samun buhu 30 na gero da dawa a shekara, iyalinsa suna cin 22, rararsa 8 ke nan. A ce kuma ana binsa abin da ya kai buhu 16. Idan masu binsa sun yarda bashin ya tsaya yadda yake, kaka biyu ta ishe shi ya fita. Idan kuwa sharaɗin shi ne duk abin da ya kwana zuwa wata kakar sai ya ninka, to zai biya 8, sauran 8 su koma 16, ya sake biyan 8, su sake komawa 16. Shekara goma zai yi yana aunawa, ya ba da buhu 80, bashin yana nan inda ya same shi. Mutanen gari za su ce ai wane yana ƙoƙari, yana biya. A ganinmu wannan mutum ya riga ya karye tun shekarar farko, sai dai ba a furta ba.

Haka abin yake ga mai albashi. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashin ma'aikaci a wata guda. Ko da a inda dokar ba ta hau kai ba, wannan ma'auni ne mai kyau. Malamin firamaren da ya sa hannu a kan rabin albashinsa zai koma wajen mai shago kafin ashirin ga wata, ya buɗe sabon rami don cike tsoho.

A nan ne fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Jihar Katsina ke hukunci da shi, ya yi wa wannan hanya shinge. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Malamai sun hana a ƙara wa mutum lokaci a kan ya ƙara kuɗi, domin wannan ita ce ainihin riba. Sun kuma hana a mai da bashi wani bashin na daban da za a biya nan gaba, alal misali a ce kuɗin da ake binka sun zama buhu kaza na gyaɗa da kaka. Wannan na biyun yana yawan faruwa a ƙauyukanmu, kuma sau da yawa masu yinsa suna ganin taimako suke yi. Har ila yau akwai wata mas'ala da kan ba mutane mamaki: a mazhabar Maliku ba a yarda mai bin bashi ya rage wani abu a kan a gaggauta biyansa kafin wa'adi ba. Amma idan wa'adin ya riga ya cika, ya yafe wani sashe ya karɓi saura, wannan sulhu ne mai kyau. Saboda haka daidaitawar da ta inganta ita ce wadda ta tsayar da bashin cik, ko ta rage shi.

Jinginar gona kuwa, wadda mutane da yawa ke ɗauka mafita ce, ita ta fi kowace dabara haɗari. Wanda aka jinginar wa shi ke nomawa ya ci amfanin, bashin kuma bai ragu da ko kwabo ba. Malaman Malikiyya ba su halatta cin amfanin jingina a kan rance ba. Ko ba don wannan ba, lissafin kansa ya isa: mutumin misalinmu idan ya ba da gonar da ke kawo masa buhu 8, ya ba da rarar da zai biya bashin da ita.

Taflisi a shari'a

Littattafan da alƙalanmu ke dogara da su, kamar Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim, sun yi wa taflisi babi na musamman. Asalinsa tsoho ne. A Muwaɗɗa an kawo labarin wani mutumin ƙabilar Juhaina da bashi ya rufe, Sayyidina Umar ya yi shela cewa duk mai binsa ya zo a raba dukiyarsa a tsakaninsu. Alƙali yana hukunta taflisi idan masu bin bashi suka nema, wa'adin biya ya yi, kuma bashin ya fi abin da mutum ya mallaka.

Da zarar an hukunta, abubuwa da dama ke biyo baya. Ba shi da ikon sayarwa ko kyauta daga dukiyar. Basussukan da wa'adinsu bai yi ba duk sun zama na biya yanzu. Wanda ya sayar masa da kaya bashi, ya kuma tarar da kayansa yadda suke, alal misali injin ban-ruwa ko keken ɗinki, yana da zaɓin ya ɗauki abinsa. Sauran dukiyar sai a sayar a raba gwargwadon abin da kowa ke bi. Idan ana binsa naira 900,000, dukiyar kuma ta tashi 300,000, kowa zai sami sulusin haƙƙinsa, da mai baki da marar baki. Ana bar masa abincin da zai ci da iyalinsa na wani lokaci, da tufafinsu. Ba a kuma tilasta masa ya je ƙodago ko ya roƙi wani don ya cika saura.

Wannan rabo na daidai shi ne babban amfanin taflisi, kuma shi ne abin da mutanenmu suka fi rasawa. A zahiri abin da kan faru shi ne mai ƙarfi ya zo ya kore shanun huɗa, mai tsiwa ta ɗauke akuya, ita kuwa tsohuwar da ta ba da kuɗin adashinta saboda kunya ta tashi a tutar babu. Wasu ma ofishin 'yan sanda suke kai ƙara, alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan abin da bai wuce saɓa yarjejeniya ba. A shari'a ma wanda aka tabbatar ba shi da komai, da shaidu da rantsuwa, ba a tsare shi. Wanda ake tsarewa shi ne mai ɓoye dukiya.

Sai dai fa a sani, taflisi na da tsada. A mazhabar Maliku har gidan da mutum ke ciki ana iya sayarwa, balle gona. Sa'an nan abin da ya saura na bashin bai faɗi ba. Yana nan a wuyansa har ranar da Allah ya hore masa.

Dokar gwamnati

Nijeriya tana da dokar fatarar kuɗi ta mutum ɗaya tun 1979, an yi mata gyara a 1992, kuma an gina ta ne a kan dokar Ingila ta 1914. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraren irin wannan ƙara. Mafi ƙarancin bashin da mai bi zai shigar da ƙara a kansa naira 2,000 ne, kuɗin da a 1979 suka fi dala dubu biyu, a 2024 kuwa ba su sayen tiyar shinkafa. Dokar ta ba da dama a yi sulhu da masu bin bashi da amincewar kotu, ta kuma ba da dama a ƙarshe kotu ta sallami mutum daga sauran bashin. Wannan sallama ita ce babban bambancinta da taflisin shari'a. Kafin a sallame shi kuwa, Tsarin Mulki na 1999 ya hana shi tsayawa takarar majalisa.

Ba ma ganin wannan doka a matsayin zaɓi na haƙiƙa ga mutumin Mawashi. Sai ya je Katsina, ya ɗauki lauya, ya yi ta zirga-zirga, a kan bashin da wataƙila bai kai kuɗin shari'ar ba. Ingila ta sake dokarta a 1986, ta shigo da tsarin da mutum zai daidaita da masu binsa a ƙarƙashin doka ba tare da an ayyana shi a matsayin karyayye ba. Mu a nan dokar kamfanoni ta 2020 ta kawo irin wannan sauƙi, amma ga kamfanoni kaɗai.

Wa ya kamata ya bi wace hanya?

Wanda damina ɗaya ta ɓaci masa, ko cuta ta kwantar da shi, amma gonarsa ko sana'arsa tana nan da rara, shi ne na biya kashi-kashi. Abin da muke ba shi shawara shi ne ya tara masu binsa gaba ɗaya a zama guda, gaban mai gari ko liman, kada ya bi su ɗaya-ɗaya a ɓoye yana yi wa kowa alkawarin buhunan nan guda takwas. A rubuta adadin, a rubuta cewa ba zai ƙaru ba, a sa wa'adin biya ya dace da kaka ko da ƙarshen wata, shaidu su sa hannu. In da hali a kai takardar gaban alƙali ya tabbatar da ita a matsayin sulhu. Idan yana da abin da ba ya kawo masa komai, kamar fili a gari ko babur na biyu, gara ya sayar da kansa a kan farashi mai kyau, ya rage uwar kuɗin tun da wuri, da a yi masa gwanjo.

Wanda lissafi ya nuna rararsa ba ta kamo abin da bashin ke haifa, kuma masu binsa sun ƙi tsayar da shi, jinkiri ba ya ƙara masa komai sai asara. Gara a je gaban alƙali tun da sauran abin rabawa. Sau da yawa ma ambaton taflisi kaɗai kan sa masu bin bashi su sassauto, domin wanda ya ga sulusi zai samu yau ya fi son ya jira kaka uku ya karɓi kuɗinsa cif.

Akwai kuma na uku, wanda ba shi da rara, ba shi da abin sayarwa. Wannan ba a yi masa tsarin biya, domin duk alkawarin da ya yi ƙarya ce aka sa shi ya yi. Haƙƙinsa shi ne a tabbatar da ƙuncinsa a saurara masa, kuma yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka. Masu fitar da zakkar hatsi a ƙasar Kusada da Kankiya sun saba kai wa malamai da miskinai, amma ba kasafai ake tunawa da wanda bashi ya danne ba, ga shi kuwa dami goma a hannun mai binsa na iya fanso gonar da aka jinginar.