Agogon kwamfuta ma yana makara

Masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni a Kano sun saba da wannan: a kawo kwamfuta ana kukan ta ƙi buɗe shafuka, su duba su tarar agogonta ne kawai ya kauce. Shafin banki yana da shaidar tsaro mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar da ta ɓata lissafin shekara kuwa ba za ta yarda da ita ba. WhatsApp ma yakan tsaya cak. Sau da yawa mai laifin ɗan batiri ne mai fasalin kwabo, CR2032, wanda ke riƙe lokaci idan an ɗauke wuta. Abin takaici ne mutum ya biya kuɗin sake Windows a kan wannan.

Abin da ke ƙirga lokacin wani ɗan ƙanƙanin dutse ne da ke karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa. Zafi da sanyi suna sauya masa taki, don haka yakan yi gaba ko baya da daƙiƙa ɗaya ko biyu a yini.

Shi ya sa kwamfuta ke tambayar lokaci ta intanet, da tsarin NTP da David Mills na Amurka ya fitar a 1985. Har jinkirin zuwan amsar take lissafawa ta cire. Mai shagon kwamfutoci a Gyadi-Gyadi zai iya rubuta w32tm /query /status ya ga yaushe rabon injinsa da saita kansa.

Ko agogon da aka saita daidai ma ba ya bin rana sak: agogon Kano yana gaban rana da kusan minti 26. Garin yana gabas da Greenwich da tazarar minti 34 ne, amma tun 1919 Najeriya ke kan ƙarin awa ɗaya cif a kan agogon Greenwich. Dalilin da ya sa zawali ke wuce sha biyu ke nan.

Juyawar duniya ba ta da tsayayyen taki: tun 1972 an ƙara wa agogon duniya daƙiƙa sau 27, na ƙarshe a Disamban 2016. Ƙarin 2012 ya durƙusar da shafin Reddit.

Tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, ma'ajinsu zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya. Wadda ba a gyara ba za ta iya komawa 1901.