Neman gidan haya a Yamai: wahalar baƙon da ba shi da abin hawa

Kowace shekara, da zarar damina ta kusa ƙarewa, ana shirin komawa lakwal a watan Oktoba, motocin kar masu tasowa daga Damagaram, Maraɗi da Tawa sukan sauke baƙi masu yawa a Yamai. Cikinsu akwai malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da aka canja wa wurin aiki, akwai ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni, akwai kuma masu neman abin kansu. Mutumin Maraɗi ya ci kilomita sama da 600, na Damagaram kusan 900. Amma da yawa daga cikinsu sukan tarar cewa wahalar wannan doguwar hanya ba ta kai ta yawon neman wurin kwana a cikin birni ba.

Dalili na farko shi ne yawan jama'a. Yamai, wadda Turawan mulkin mallaka suka mayar babban birni a 1926 bayan sun ɗauke fadar mulki daga Damagaram, tana da mutane kusan 400.000 a ƙidayar 1988. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 1. Birnin kuwa a kwance yake faɗaɗa, gida ɗaya bayan ɗaya, har unguwannin da dā ake ɗauka a matsayin ƙauyuka, kamar Gudel da Saga, suka shige ciki. Saboda haka gidaje masu sauƙin kuɗi suna can gefen gari, ma'aikatu da manyan kasuwanni kuwa suna tsakiya, wajajen Filato da Babbar Kasuwa.

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da idanu. Wanda ya saba da Maraɗi ko Damagaram, inda ɗan kabu-kabu ke kai mutum har ƙofar gidan da yake so, sai ya sake koyon tafiya a Yamai. A nan takisi ta haɗin gwiwa ce: mutum ya tsaya bakin titi ya faɗi unguwar da za shi, direba ya duba ko ta dace da hanyar waɗanda ke cikin motar. In ba ta dace ba, ya ja motarsa ba tare da ya ce uffan ba. In wurin yana da nisa, ko kwalta ba ta kai can ba, ya nemi kuɗin mutum biyu. Akwai kuma ƙananan motocin da ake kira faba-faba, kalmar Zabarmanci mai nufin agaji. Sun fi takisi araha, amma hanyarsu ɗaya ce, daga kasuwannin tsakiyar gari zuwa unguwannin gefe, kuma ba su cika tashi ba sai sun cika. Inda suka sauke mutum, sauran tafiyar ta ƙafa ce, cikin rairayi da rana.

Abu na biyu, gidan haya a Yamai ba kasafai ake rubuta shi a jikin bango ba. Labarinsa yana bakin dillalai. Kowace unguwa da nata, suna zaune ƙarƙashin rumfa ko gindin bishiya, sun san ɗakin da aka tashi da wanda ake shirin tashi. Bisa al'ada, dillali yakan karɓi kuɗin nuna gida kafin ya miƙe tsaye, ko gidan ya yi wa mai nema ko bai yi ba. Idan ba shi da babur, mai nema ne zai biya masa kuɗin mota. Idan ciniki ya faɗa, yana da la'adarsa. Mai gida kuma yakan nemi kuɗin watanni a gaba, da kuɗin ajiya na gyaran abin da ɗan haya ka iya lalatawa. Ƙaramin ma'aikacin da bai ma karɓi albashinsa na farko a sabon wuri ba, sai ya ga guzurinsa ya ƙare tun bai kama mabuɗi ba.

A nan ne lissafi yake da amfani, domin arahar gida tana iya zama tsada a hanya. A ɗauki misali: an sami ɗaki da falo a gefen gari wanda ya fi na kusa da wurin aiki sauƙi da jika 10 a wata. Idan zaman can zai ƙara wa mutum shiga mota sau biyu a yini, a ƙaddara kowace shiga sefa 250 ce, cikin kwanakin aiki 22 ya kashe jika 11. Ribar ta tafi, ga asarar lokaci, ba a ma sa kuɗin kai yara makaranta ko na zuwa asibiti da dare ba. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a birnin suke ba baƙo shawara ya gwada hanyar da kansa, da sassafe lokacin fita aiki, da kuma bayan magariba, kafin ya biya ko dala.

Kogin Kwara ma yana cikin lissafin. Jami'a tana Harobanda, a ƙetaren kogi, kuma ɗalibai da yawa can suke neman ɗaki. Tun daga 1970 gadar Kenedi ce kaɗai ke haɗa ɓangarorin biyu, sai a 2011 aka buɗe ta biyu wadda ƙasar Sin ta gina, ta uku kuma mai sunan Seini Kunce a 2021. Ƙetarewa ta yi sauƙi, amma hatsarin ruwa yana nan. A watan Satumba na 2020 kogi ya ɓalle madatsa ya malale unguwannin ƙetare, ciki har da Lamorde, iyalai masu yawa suka rasa matsuguni. Mai neman gida da rani ba zai ga wannan ba sai ya lura da alamun ruwa a jikin katanga, ya kuma tambayi maƙwabta. Dillali da mai gida suna da riba a cikin cinikin. Mai shayin bakin titi da matan da ke ɗiban ruwa a famfo ba su da ita, don haka maganarsu ta fi zama abin dogaro.

Su ne kuma za su faɗa wa baƙo ko famfo yana kawo ruwa da rana a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, da kuma yadda ake raba kuɗin wuta a gidan da ƴan haya da yawa ke amfani da kwantar ɗaya. Wannan rabo ya sha haddasa rigima tsakanin mutanen da ke kwana a tsakar gida guda.

Tun a 1996 aka kafa dokar da ta tsara hulɗar mai gida da ɗan haya a Nijar, amma cinikin haya da yawa da baki ake ƙulla shi. Ranar da saɓani ya taso, wanda ba shi da takarda shi ne a ƙasa. Ya kamata a rubuta kuɗin wata, da abin da aka bayar a gaba, da halin da aka tarar da ɗakin, a gaban shaidu, a kuma tabbatar wanda ya karɓi kuɗin shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaskiya.

Har yanzu abin da ke ceton baƙi da yawa shi ne zumunci. Ɗan'uwa ko ɗan garinsu yakan ba su tabarma na mako biyu ko uku, ya kuma haɗa su da dillalin da ke jin kunyarsa. Wanda ya sami wannan rufin asiri yana da sararin zaɓe. Wanda bai samu ba, gajiyar hanya da ƙarewar guzuri sukan sa ya karɓi ɗakin farko da aka nuna masa, ya shekara yana biyan kuɗin gaggawar kwana ɗaya.