SARANDA: Asalin Kalmar Da Ma'anoninta

A unguwar Sarkin Dawaki ta birnin Jalingo, kamar sauran wuraren da ake jin Hausa, idan yara biyu suka kama kokawa har ɗaya ya danne ɗaya, abin da na sama yakan nema daga bakin na ƙasa shi ne ya ce ya yi saranda. Kalmar ta zauna daram a bakin jama'a, har da yawa ba su san baƙuwa ba ce. Asalinta ita ce "surrender" ta Ingilishi, kuma tana cikin ayarin kalmomin bariki irin su soja da saje da kofur da fareti.

Su ma Ingilishi aro suka yi. Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a. Daga nan ne kalmar ta shiga Ingilishi wajen ƙarni na 15. Gaɓa biyu gare ta: "sur", watau bisa, da kuma "rendre", watau mayarwa, wadda ta samo tushe daga Latin. A bakin lauyoyin wancan zamani, ma'anarta ita ce mutum ya mayar da gona ko gidan da yake riƙe da shi ga mai shi. Har yanzu wannan ma'ana tana nan, domin idan alƙali ya umurci wanda ake tuhuma ya ajiye fasfo ɗinsa a kotu, da wannan kalma ake rubuta umurnin.

Amma fagen fama ne ya yi mata suna. A shekarar 1943, a taron Kasablanka, Shugaba Roosevelt na Amurka ya bayyana cewa ba za a karɓi kome daga abokan gaba ba sai saranda marar sharaɗi. Jamus ta yi hakan a watan Mayu na 1945, Japan kuma ta sa hannu ran 2 ga Satumba, bayan yaƙin da ya kai dubban sojojin Nijeriya har ƙasar Bama.

Tun kafin zuwan wannan baƙuwa, Hausa tana da nata kalmomin, kowace da muhallinta. Akwai miƙa wuya, wadda ake yi wa Ubangiji, ake kuma yi wa wanda ya fi ƙarfi. Akwai mubaya'a da caffa, waɗanda ake kai wa sarki bisa yarda. Akwai sallamawa, wadda ta fi kusa da tsohuwar ma'anar nan ta lauyoyin Ingila. Saranda kuwa ta tsaya wajen faɗa, inda ake da mai kaye da wanda aka kayar.

Sunan Jalingo kansa yana tuna wa mutum ɗaya ɓangaren, domin daga Fulatanci ya fito, yana nufin rinjaye. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa garin a 1893, bayan ya ci garin Kona na Jukunawa da taimakon wani hafsan Faransa mai suna Mizon. Shekara goma bayan haka zaɓin ya zo kan Sakkwato. Waziri Buhari ya yi sulhu da Turawa a watan Maris na 1903 don ya tsare jama'a, Sarkin Musulmi Attahiru kuwa ya ƙi, ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli.

Saranda mafi girma a tarihin ƙasar nan ita ce ta ran 15 ga Janairu, 1970, sa'ad da Philip Effiong ya zo barikin Dodan a Ikko ya miƙa Biyafara ga Janar Yakubu Gowon, bayan wata 30 ana ɓarin wuta. Gowon ya rungume shi, ya kuma shelanta cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Ya ɗauki al'amarin a matsayin komawar ɗan'uwa gida, wanda kusan shi ne ainihin abin da kalmar take nufi tun fil azal.

Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Nauyin saranda bai tsaya a kan mai yin ta kaɗai ba. Idan mai karɓa ya wulakanta wanda ya ajiye makami, na bayansa zai gwammace ya mutu da nasa a hannu.