Kafin a Sayo Na'ura ga Ma'aikaci Mai Larurar Gani

A watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Najeriya, wadda ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a hukumomin gwamnati. Bayan an ɗauki mai larurar gani aiki, sai a gano kayan da zai yi aikin da su ba tare da jiran wani ya karanta masa ba. Wannan shi ake kira tantance buƙata.

Daga ido ake farawa, domin larurar gani iri-iri ce. Mai hawan jinin ido yakan rasa ganin gefe, ya koma kamar mai leƙe ta bututu. Idan aka ƙara masa girman rubutu, an ƙara masa wahala ke nan, tunda haruffa kaɗan ne za su shiga ɗan filin da ya rage masa. Wanda tsakiyar ganinsa ta dushe kuwa, manyan haruffan ne ke taimakonsa. Zabiya yakan fi fama da ƙarfin haske, wani lokaci ɗauke teburinsa daga bakin taga ma yakan rage masa matsala sosai.

Daga nan sai a zauna da ma'aikacin, a bi ayyukansa daki-daki. Wanda ba ya gani sam yakan dogara da manhajar karanta allo, wadda ke furta abin da ke kan kwamfuta da murya. Cikin irin waɗannan manhajoji, JAWS ta kuɗi ce, NVDA kuwa, da aka fara a Ostireliya a 2006, kyauta ce. Sai dai rubutu suke karantawa. Wasiƙar da aka ɗauki hotonta aka turo, a wurinsu hoto ce kawai, sai an bi da ita ta manhajar da ke tsamo haruffa daga hoto. Na'urar Braille mai ɗago ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin yatsu tana da tsada, kuma da yawa cikin waɗanda suka makance da girma ba su taɓa koyon Braille ba.

A ganina, gwaji a kan teburin ma'aikacin shi ne matakin da bai kamata a tsallake ba. Sau da yawa manhajar biyan albashi ko ta ajiye bayanai tana da maɓallan da ba a sa musu suna ba, sai muryar ta iso kansu ta kasa faɗin aikinsu. Gyaran wannan yana hannun ma'aikatar, kuma duk ranar da ta sauya manhaja, dole a sake tantancewa.