Kwali, Reza da Gwangwanin Fenti: Yadda Bango Ke Shiga Siyasa

Duk wanda ya taɓa duba lambar da ke jikin adaidaita sahu, ko rubutun da ke kan buhun taki, ya riga ya san sitensil ko da bai san sunansa ba. Kwali ne ko falle na roba ko na kwano da aka yanke siffar haruffa ko hoto a jikinsa. A ɗora shi a bango, a fesa fenti, a ɗauke; fentin ya bi ta ramukan ya zauna. Masu rubutun allon talla a garuruwanmu da shi suke cin abinci. A wasu ƙasashe kuwa, wannan ɗan kwalin ya daɗe da zama makamin masu adawa da gwamnati.

Dalilin a fili yake. Mai rubutu da buroshi sai ya tsaya gaban bango yana jan harafi ɗaya bayan ɗaya, duk mai wucewa na kallonsa. Mai sitensil ya gama aikin wahala tun a ɗakinsa, inda ba mai ganinsa. Abin da ya rage a titi feshi ne na 'yan daƙiƙoƙi, kuma falle guda zai buga hoto iri ɗaya a bango hamsin kafin asuba. Idan gari ya waye mutane suka ga fuska guda a kowane lungu, sai su ɗauka taron jama'a ne suka yi aikin, alhali wataƙila mutum biyu ne.

A Fabrairun 1943, a birnin Munik na Jamus, ɗalibai uku na ƙungiyar White Rose, wato Hans Scholl da Alexander Schmorell da Willi Graf, sun riƙa fita da dare da sitensil na kwano da fentin kwalta suna buga kalaman neman faɗuwar Hitler a jikin gine-gine. Ba a bango aka kama su ba. Takardun da Hans da ƙanwarsa Sophie suka watsa a jami'a ne suka tona asiri, aka kashe su biyun ranar 22 ga watan. A lokacin babu fentin feshi na gwangwani; sai a 1949 wani Ba'amurke mai suna Edward Seymour ya fito da shi, aikin ya ƙara sauri.

Yankan sitensil ɗin shi ne inda gwaninta take. Ana fara mayar da hoto baƙi da fari zalla, babu tsaka-tsaki, sannan a yanke baƙin da reza ko wuƙa mai tsini. Sabon shiga yakan faɗa rami guda: ya yanke harafin O ko A ko D gaba ɗaya, sai cikin harafin ya faɗo, feshi ya fito dunƙulen baƙi. Maganin shi ne a bar 'yan siraran mahaɗai da za su riƙe tsakiyar da sauran kwalin. Su ne tsagogin da kake gani a haruffan jikin buhu, ba kuskure ba ne. Haka ido da baki a hoton fuska. Kwali na jiƙewa ya lanƙwashe bayan feshi kaɗan, shi ya sa masu aikin suka fi son roba, har da tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti. Wajen feshi kuma, a manne fallen sosai, a ja gwangwani baya kamar taƙi ɗaya, a yi shafa mara kauri. Wanda ya matso kusa ya danna da ƙarfi, fentin zai zurara ya ɓata gefen haruffa.

Wanda ake kira uban wannan salo a zamaninmu Bafaranshe ne, Blek le Rat, da ya fara cika bangon Faris da hotunan ɓeraye a 1981. Shi da kansa ya ce tunanin ya samo asali ne daga hotunan Mussolini da ya gani a bangon Italiya yana yaro. Ke nan dabarar da ake yi wa kirari da makamin talaka, 'yan kama-karya ma sun more ta. Kwali ba ya zaɓen ubangida.

Bayan Blek, Banksy na birnin Biristol a Ingila ya yi suna, musamman da zanen da ya yi a 2005 a katangar da Isra'ila ta gina a Yammacin Kogin Jodan. A Masar, lokacin juyin juya halin 2011, fuskar Khaled Said, matashin da 'yan sanda suka kashe a Iskandariyya a 2010, ta bazu a bangon Alƙahira ta wannan hanya. Hukuma ta shafe, washegari a sake bugawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda kasuwa ta kai abin. A 2018 an sayar da wani hoton Banksy a gidan gwanjo na Sotheby's kan fam miliyan ɗaya da 'yan kai, nan take wata na'ura da ya ɓoye a firam ɗin ta kekketa rabinsa. A 2021 aka sake sayar da kekketaccen kan sama da fam miliyan 18. Zanen da aka fara don tsokanar masu hannu da shuni ya koma adon falonsu.

A ganina, jarumtar ɗaliban Munik ba ta zama lasisin ɓata katangar kowa ba. Su suna ƙarƙashin mulkin da magana ke jawo kisa. Yaron ɗan takara da ya fesa “sai wane” a katangar makarantar firamare ko gidan maƙwabci bai tunkari wani azzalumi ba, ya dai bar wa mai gida kuɗin sabon fenti, kuma a ƙasashe da dama kotu na hukunta hakan a matsayin ɓarnar dukiya. Mai sha'awar wannan sana'a ya nemi izinin mai bango, ko ya buga a riga da ƙyalle da allo. Ya kuma sa takunkumi ya yi feshin a sarari, domin tururin fentin na illa ga huhu.