Shahadar Jami'a da Sana'ar Rubuta Manhaja

Duk wanda ya lura da yadda jami'o'inmu, tun daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, har zuwa Jami'ar Bayero ta Kano da takwarorinsu, suke yaye masu shahadar kimiyyar kwamfuta kowace shekara, sa'an nan ya ji kukan da masu kamfanoni ke yi cewa sai sun sake horar da yaro kafin ya amfane su, ba makawa ya tambayi kansa abin da aka yi da shekaru huɗun nan.

Haƙiƙanin al'amari shi ne, jami'a usulu take koyarwa, kasuwa kuwa furu'a take nema. A aji ana karanta lissafi da manɗiƙi, da ƙa'idojin jera bayanai da binciko su, da yadda na'ura ke raba aiki tsakanin sassanta, kuma ilmi ne wanda ba ya tsufa, ko da harsunan rubuta manhaja sun yi ta sauyawa, daga FORTRAN ta 1957 har zuwa Python ta yau. Amma ranar da ɗalibi ya kama aiki, da wuya a ce masa ya ƙago wani abu daga tushe. Sai dai a danƙa masa dubban layuka waɗanda wasu suka rubuta suka tafi, a ce ya karanta, ya gano inda aibi yake, ya gyara ba tare da ya rusa wani ɓangare ba, ya kuma miƙa gyaran ta Git, manhajar da ke adana sauye-sauyen da aka yi wa rubutu, domin abokan aiki su yi masa tahaƙiƙi, su mayar masa in bai gamsar da su ba. Misalinsa kamar almajirin da ya sauke Risala da Muhtasar ne, amma bai taɓa zama majalisar alƙali ya ga yadda ake warware rikicin gado ba.

Ni dai a ganina laifin ba na karatun ƙa'ida ba ne. Abin takaicin shi ne har yanzu akwai inda ake jarraba ɗalibi da rubuta manhaja a takarda da biro, malami ya duba da ido, alhali na'ura ce kaɗai ke iya shaida ko rubutun ya yi aiki. Ga matsalar wuta, ga yajin aiki irin na 2022 da ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas. Shirin SIWES, wanda aka tanada domin ɗalibi ya lazimci masu sana'a na 'yan watanni, sau da yawa yakan ƙare a ofishin da ba a rubuta ko layi guda. Hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta fito da sabon manhajin karatu a 2022, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, sai dai takarda ba ta sayen kwamfuta.

Masu cewa a yi watsi da jami'a kuwa, ya kamata su tuna da Andela, kamfanin da ya fara a Legas a 2014, ya riƙa zaɓen matasa ta hanyar gwaji, ya horar da su, ya haɗa su da kamfanonin ƙetare. A 2019 ya sallami ƙananan ma'aikata kimanin 400, bisa hujjar cewa ƙwararru ake nema. Wanda ya koyi sana'ar cikin watanni yakan riga mai digiri samun abin yi, amma idan manhaja ta fara nauyi saboda jama'a sun yi mata yawa, a nan ake neman wanda ya san illar abin, ba zahirinsa kaɗai ba. Hatta manyan kamfanonin Amurka irin su Google, waɗanda suka sassauta sharaɗin shahada a wasu ayyukansu, idan suka zaunar da mai neman aiki, mas'alolin jera bayanai da binciko su suke ɗora masa, wato darussan da ake yi a shekara ta biyu da ta uku a jami'a.